Haruffan da Na Binne a Gindin Ɗorawa

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Ubangijin da Ya koya wa ɗan Adam riƙon alƙalami, Ya kuma sanya mantuwa a cikin halittarsa domin ya san buƙatarsa ga rubutu. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, da alayensa da sahabbansa, da duk wanda ya bi sawunsu da kyautatawa.

Bayan haka, a wannan wata ne aminina Alhaji Sule Mai Ɗab'i yake cika shekara goma sha biyu da komawa ga Mahaliccinsa. A kowace shekara idan lokacin ya zagayo, nakan ziyarci kabarinsa, in yi masa addu'a, in dawo gida in yi shiru. Bana na kasa yin shirun, domin akwai haƙƙinsa a wuyana, kuma wanda ya zalunci mutum a gaban jama'a, a gaban jama'a ya kamata ya wanke shi.

Ni da Sule a zaure ɗaya muka yi karatun allo, zauren mahaifina, a wani ƙauye da ke tsakanin Bici da Tsanyawa, inda gonaki suka matsu har zakaran wannan gida yakan yi kalaci a gonar wancan. Bayan mun sauke, ni na zauna ga littattafan fiƙihu, shi kuwa ƙafarsa ta ja shi birni. Ya yi shekaru yana aiki a wata maɗaba'a, sannan ya dawo mana da wani tsohon injin ɗab'i wanda ake tuƙawa da ƙafa, tare da akwatuna masu faɗi na katako, waɗanda sai ƙarti biyu suke iya ɗaga guda. Ya kama shago a bakin kasuwa. Tun daga ranar, duk katin ɗaurin aure da sanarwar walimar sauka da takardar makarantar Islamiyya a wannan yanki, daga hannunsa suke fitowa.

Ya kamata in yi wa yaran yanzu bayanin sana'ar, tun da yawancinsu ba su taɓa ganinta ba. Kowane harafi a jikin ɗan guntun dalma yake, wanda bai kai ƙwayar wake kauri ba. Akwatin kuwa an raba cikinsa gida-gida, kowane harafi da ɗakinsa. Mai ɗab'i zai tsaya yana tsinto su ɗaya bayan ɗaya, yana jerawa a juye, har layi ya cika, har shafi ya cika. Sai ya ɗaure shafin tamau a cikin firam na ƙarfe, ya shafa tawada, ya danna takarda a kai. In an gama bugu, sai ya kwance, ya mai da kowane harafi ɗakinsa. Sule yana da haruffan boko, yana da na Larabci, kuma hannunsa ya san ɗakunansu kamar yadda makaho ya san hanyar masallaci. Yana hira da kai, idonsa na kanka, yatsunsa na aikinsu.

Mutum ne mai tsantseni. Ba ya jera sunan Allah sai da alwala. Takardar da ta lalace wajen bugu ba ta taɓa ƙasa; akwai wani tulu a kusurwar shagon, a ciki yake tarawa, ranar Juma'a ya ƙone. Na taɓa zama a shagon wata kakar siyasa, wani mutum ya shigo da takarda cike da ƙazafi a kan abokin hamayyarsa, yana so a buga. Sule ya karanta har ƙarshe, ya ninke, ya miƙa masa. Ya ce, "Alhaji, ni da yatsuna zan tsinto haruffan maganar nan ɗaya ɗaya. Kafin in kai ƙarshen layin farko kunya ta kashe ni. Ka kai wa mai sauri."

Nakan tuna wannan magana a duk lokacin da na ga jikokina sun duƙufa a kan waya. Yau mutum zai aika ƙazafi ga mutum dubu kafin shayinsa ya huce, bai ma karanta shi har ƙarshe ba. Ina tambayar kaina, da Sule zai leƙo, me zai ce? Ba na zaton zai tsine wa zamani, don shi ba mai ƙyamar sabon abu ba ne. A ƙarshen rayuwarsa, lokacin da masu kwamfuta suka janye masa ciniki, shi da kansa yake tura mutane gare su idan aikin na gaggawa ne. Amma na san zai yi mamakin yadda kalma ta yi arha, har ake ƙunsa ƙosai a takardar da ke ɗauke da aya.

Yanzu sai in zo ga laifina. Kashi biyu ne, kuma na farkon shi ya haifi na biyun.

Na taɓa tsara wata waƙar wa'azi da ajami, a kan kiyaye iyakar gona. Abin da ya sa ni kuwa, a ƙasarmu babu rigimar da ta fi raba zumunci kamar ta kunya ɗaya da wani ya ci daga gonar maƙwabcinsa. Na ba Sule rubutun domin ya buga mini, a raba wa manoma. Ya karɓa da hannu biyu. Shekara ta wuce, ta biyu ta bi ta. Duk lokacin da na tambaya, sai ya ce, "Ina kai, Malam. Kayan aikin ne ba su cika ba." Ni kuwa ina ganin katunan biki suna fita daga shagon kowane mako. Shaiɗan ya sami ƙofa. A shekara ta uku, ranar wata kasuwa, na tsaya a bakin shagonsa, mutane na ji, na ce, "Sule, na gane. Katin biki ya fi wa'azi cika tukunya. Ba ni takarduna." Bai mai da mini ko kalma ɗaya ba. Ya ɗauko su daga cikin wata jakar fata, ya goge bayansu da hannun rigarsa, ya ba ni. Muka ci gaba da gaisawa a masallaci, amma gaisuwar ta zama ta fatar baki. Bayan wata huɗu, ciwon kwana uku ya ɗauke shi. Ni na yi masa wanka, ni na ja sallarsa, ban kuwa nemi gafararsa ba.

Bayan sadakar arba'in, mai shagon da Sule yake haya ya nemi a kwashe kaya. 'Ya'yan Sule babu wanda ya gaji sana'ar. Injin dai aka turo shi gida, matarsa Hajiya Gambo ta sa aka ajiye shi a ƙarƙashin rumfa, ta ce ba mai taɓa shi tana da rai. Saura haruffa. Da na isa shagon, na tarar 'yan gwangwan sun riga ni, suna ɗaga akwatunan suna jin nauyinsu, wai dalma ce, narkawa za a yi. Wasu haruffan sun zube a bakin ƙofa, mutane na takawa. A kan tebur kuma ga wani shafi a ɗaure cikin firam, wanda bai kai ga bugawa ba. Na duba layinsa na sama, duk da a juye yake, na gane Bismillah ce. Ban ƙara duba ƙasa ba, idona ya riga ya cika.

A nan ne ilimina ya yaudare ni. An karantar da mu cewa takardar da ke ɗauke da sunan Allah, idan ta tsufa, a ƙone ta ko a binne ta a wuri mai tsarki. Sai na yi ƙiyasi, na ce waɗannan haruffa sun sha rubuta sunan Allah, don haka hukuncinsu ɗaya da takardar. Na ce wa magada su bar mini su, suka ce sun bar mini duniya da lahira. Wa zai tambayi malami abin da zai yi da haruffa? Na sa aka kai su gonata a amalanke. Da hantsi na haƙa rami a gindin wata ɗorawa da ke kusa da iyaka, na saka randa biyu, na riƙa ɗaukar akwati ina juyewa a ciki kamar mai zuba hatsi a rumbu, na boko a kan na Larabci, manya a kan ƙanana. Shafin nan na naɗe shi da tsohon rawanina, na ɗora a sama, tare da wani ɗan gwangwani da na samu kusa da shi. Na rufe da kasko, na liƙe da laka, na mai da ƙasa. Akwatunan katakon na ba Hajiya, ta riƙa shanya kuɓewa a kansu. Duk wanda ya tambaye ni, sai in ce, "Na adana su." Ban yi ƙarya ba a lafazi, amma na san abin da mai tambayar ya fahimta dabam ne.

Na dawo gida ran nan ina jin na yi ibada. Ashe ɓarnar dukiya na yi, wadda shari'ar da nake koyarwa ta hana. Da na tsaya na yi tunani, da na tuna cewa Sule, duk tsantseninsa, kullum yakan kwance sunan Allah ya mai da haruffan ɗakunansu, gobe ya jera sanarwar suna da su. Shi ya san abin da ni na jahilta, cewa alfarmar tana ga kalmar da aka haɗa, dalma kuwa dalma ce. An ce kowa ya yi zuru da tambaya ya kwana a hanya. Ni ban tambayi kowa ba, don na saba ni ake tambaya.

Haka aka yi shekara goma sha biyu.

A tsakiyar daminar bana, jikar Sule, Hafsatu, ta yi sallama a zaurena. Tana karatun zane da ƙira a kwaleji a Bici, tana shekarar ƙarshe. Ta durƙusa ta gaishe ni, sannan ta shimfiɗa wata babbar takarda a kan buzuna, ta danne kusurwoyinta da littattafaina ba tare da neman izini ba, irin na jika. Ta ce kowane ɗalibi sai ya gabatar da wani aiki na kansa kafin a sallame shi. Abokanta duk a kwamfuta za su yi nasu. Ita kuwa so take ta tashi injin kakanta, ta kai shi farfajiyar makaranta, ta sa ɗalibai su jera sunayensu da hannunsu su buga, ko Allah Ya sa wasu su ƙaunaci sana'ar kafin ta shuɗe. Ta zana komai a takardar: inda injin zai tsaya, inda za a shanya bugu a igiya, fostar gayyata, har da jerin makarantun firamare da na Islamiyya da za a kai wa goron gayyata. Ta riga ta kawo bakanike ya duba injin, ya ce tsatsa ce kawai, mai zai gyara. Malamin da ke duba aikinta ya amince, da sharaɗi ɗaya: ta nuna masa haruffa cikin mako uku, in ba haka ba ta canja aiki, domin inji babu haruffa tarin ƙarfe ne.

Ta ɗago kai tana murmushi, ta ce, "To, tsoho, Hajiya ta ce kai ne ma'aji. A wane ɗaki suke? Ko ka sayar ka ci goro?"

Na yi shekara fiye da hamsin ina amsa tambayoyin mutane a wannan zaure, na gado da na aure da na jini. Ban taɓa samun tambayar da ta yi mini wuya irin ta ranar ba. Zuciya ta raya mini in ce sun ɓace, a wuce wurin, girmana ya tsira. Amma na dubi yatsun yarinyar nan a kan takarda, dogaye, irin na kakanta, na tuna cewa wannan ne karo na biyu da jinin Sule ya miƙo mini amana. Na ce, "Hafsatu, suna gona. Binne su na yi."

Sai ta ce, "Kaka, da likkafani?"

Na ce, "Da rawanina."

Ba ta yi dariya ba, ni ma ban yi ba. Ta naɗe takardarta a hankali, ta ce, "Ka san wurin dai?"

Na ce na sani. Ashe nan ma ban sani ba. Ɗorawar ta daɗe da faɗuwa, an sare ta, an tone kututturen an yi gawayi. Gonar kuma, bayan rasuwar ƙanena, an sake rabo, aka yi musaya da maƙwabcinmu Ɗanlami domin kowa ya sami hanyar shigar da taki, aka dasa sabuwar gamba a kan sabuwar iyaka. Ni a zuciyata ramin yana ɓangarena. Kwana uku ina sa ana haƙa a cikin wakena, rami bayan rami, har gonar ta zama kamar wadda gafiya ta yi wa biki. Masu wucewa suna gaishe ni cikin ladabi, in sun yi nisa in ji dariyarsu. Kwanakin Hafsatu kuwa suna tafiya. Ta daina zolayata, wannan kuwa ya fi zolayar ciwo.

A rana ta huɗu Ɗanlami ya jingina da fartanyarsa a bakin iyaka, ya ce, "Allah gafarta Malam, rijiya ake nema ko zinariya?"

Ban ga amfanin ɓoyewa ba, na gaya masa komai. Sai na ga ya dafe kai, ya ce, "La ilaha illallahu! Malam, ka tuna shekarar da na zo maka da kukan wani wuri a gonata, inda dawa ba ta taɓa yin kirki, in na taka in ji ƙasa na amsawa? Na ce maka ina zaton mutanen ɓoye ne?"

Na ce na tuna.

Ya ce, "Ka ba ni addu'a, ka ce in ƙara taki. Shekara shida ina zuba wa aljanun nan kashin awaki, ina yi musu sallama in zan wuce. Ashe almajiran Alhaji Sule ne a kwance!"

Wurin yana tsakiyar dawarsa, ta riga ta yi ciki. Ni da na tsara waƙa a kan haramcin taɓa taƙi ɗaya na gonar maƙwabci, ga ni tsaye ina roƙon a sare amfanin maƙwabcina saboda kuskurena. Na ce masa zan jira girbi in bai yarda ba, ko da yarinyar za ta rasa aikinta, don ba ni da haƙƙi. Ya ce, "Haba Malam. Alhaji Sule ne ya buga katin aurena, ya ƙi karɓar ko sisi, wai ni maraya ne. Dawar nan dama ba ta taɓa cika ƙwarya ba." Shi da kansa ya sa lauje.

Randunan suna nan yadda na bar su, ɗaya ta tsage amma ba ta fashe ba. Aka kai su gidan Hajiya Gambo. Da aka buɗe, Hafsatu ta cusa hannu ta ɗebo, ta duba, ta sake ɗebowa. Na ga fuskarta ta canja. Dalmar ta yi fari-fari amma ba ta lalace ba. Abin da ya lalace shi ne tsarin. A ranar na fahimci cewa rabin dukiyar mai ɗab'i yana cikin rabewar haruffansa, kuma abin da Sule ya yi shekara talatin yana kiyayewa, ni na hautsina shi a hantsi ɗaya. Ta kira malaminta a waya, ya ce mutum ɗaya zai yi watanni bai gama warewa ba. Ta zauna a kan turmi, ta rufe fuska da mayafi.

Hajiya Gambo ce ta fito daga ɗaki tana dogara sanda. Ta leƙa randar, ta dube ni, ta ce, "Malam, da ka tambaye ni, da ban bari ba. Amma ku malamai ba kwa tambayar mata." Sannan ta juya ga jikarta. "Ke kuma tashi, kukan me? Mu da muke tsince tsakuwa daga cikin shinkafa tun kafin a haifi ubanki? Kawo faifai."

Kafin la'asar tsakar gidan ta cika da mata, kowace da faifai a cinya. Aka kakkaɓe kuɓewa daga akwatunan, aka wanke su. Hafsatu ta liƙa samfurin kowane harafi a bakin ɗakinsa. Waɗanda suka yi allo suka ɗauki na Larabci, 'yan makarantar boko suka ɗauki nasu, tsofaffin da ba su yi ko ɗaya ba suka riƙa ware manya daga ƙanana, suna haɗa mai kama da mai kama, kuma sun fi kowa sauri. Ina zaure ina jiyo su. Wata na cewa, "Wannan mai ƙugiyar ɗan gidan wa ne?" Wata ta amsa, "Kai shi wurin mai tumbi, ƙanensa ne." Washegari maza suka fara aiko da tambaya ko su ma za a ba su faifai.

Daga nan ne Hafsatu ta sake tsarin aikinta gaba ɗaya. Ta dawo zaurena da sabuwar takarda. Ta ce ta lura duk wanda ya riƙe harafi a hannunsa na ɗan lokaci, ba ya son tashi sai ya ga an buga shi. Don haka ba za ta gama warewar a gida ba. Randa ɗaya za a ware, domin a sami abin fara aiki. Ɗayar kuwa za ta kai ta makaranta yadda take, da lakarta. Duk mai son a buga sunansa, sai ya fara zama ya ware cikin tafin hannu ɗaya, ya mai da kowane harafi ɗakinsa. Malaminta ya zo da kansa a motar haya, ya ga mata da faifai, ya tsaya ya daɗe yana kallo, ya sa hannu a takardarta. An tsayar da taron bayan girbi. Ta ce mini, "Tsoho, kuskurenka ya shiga cikin tsari, amma kada ka ƙara." Na ce na tuba.

Saura shafin da ke cikin rawani. Rawanin ya zama ƙasa, firam ɗin ya yi tsatsa, amma ɗaurin Sule bai saki ba. Ranar da bakanike ya gama da injin, Hafsatu ta ce da shi za a gwada. Ta wanke shi da kananzir da ɗan burushi, ta aiko a kira ni. Na ce ta yi alwala tukuna, ta ce ta riga ta yi, Hajiya ta gaya mata al'adar kakanta. Ta shafa tawada, ta taka injin. Ya yi wannan ƙara tasa da na yi shekara goma sha biyu ban ji ba. Ta zare takardar ta miƙo mini, don ita ajaminta bai nuna ba.

A ƙarƙashin Bismillah, ga abin da na gani:

Ya kai manomi, ka tsaya a kan gambarka,
Taƙin maƙwabci nauyi ne a wuyanka.

Waƙata ce. Baiti tara ne a jere, na goma ya tsaya a rabi, inda ciwo ya tsayar da hannunsa. Na tuna cewa na ƙwace takarduna wata huɗu kafin rasuwarsa, kuma suna cikin akwatina har yau. Ashe da ka ya jera ta. Ya haddace waƙar mutumin da ya ci masa mutunci a kasuwa.

Ɗan gwangwanin nan kuma, da aka buɗe, cike yake da ƙananan gutsattsarin dalma, wasu ba su kai ƙwayar gero ba, tare da wata 'yar zarto da ta cinye. Malamin Hafsatu ne ya gane su. Ya ce haruffan Larabcin da ake kawowa daga waje ba su da wasu alamomin da ajaminmu yake buƙata, don haka Sule ya riƙa sassaƙa su da hannu, ɗaya bayan ɗaya, daga tsofaffin haruffa. Hajiya ta ce ai shi ne abin da yake yi kullum tsakanin azahar da la'asar, har idonsa ya fara ba shi wahala. In ta tambaya sai ya ce na Malam ne. Kayan aikin da ya ce ba su cika ba ke nan. Katunan bikin da na goranta masa, su suke ciyar da gidansa yayin da yake yi mini wannan hidima kyauta.

Aka kawo mini tabarma, na zauna da takardar a hannuna. Na sha karantar da ɗalibai cewa munana zato zunubi ne, na kawo musu hujjoji daga nan da can. Ban taɓa sanin nauyinsa ba sai da na riƙe shi a hannuna, da tawadarsa ɗanya.

Hafsatu ta tambaye ni ko in faɗa mata ragowar baitin ta cika. Na ce a'a. A buga shi yadda ya bar shi, da rabin layinsa, a rataye a ƙofar wurin taron, a kuma rubuta a ƙasa wanda ya jera da wanda ya binne. Ta ce ba sai an sa na biyun ba. Na ce a sa. Sauran waƙar kuwa, na ɗauko takardun daga akwati na ba ta. In an sami ɗalibin da ya ƙaunaci sana'ar har ya iya, shi zai jera shafi na biyu, da alamomin da Sule ya sassaƙa.

Yau idan na auna abin da ya rage na aminina, ba na ganin shago, don an mai da shi wurin cajin waya. Katunan da ya buga sun bi bukukuwansu. Sana'ar ma ban sani ba ko za ta sake tsayawa da ƙafarta. Mai yiwuwa ɗalibai su buga sunayensu, su ɗauki hoto, su koma ga wayoyinsu. Wannan yana hannun Allah. Abin da na tabbatar ya rage shi ne halinsa: mutum ya ɗauki kalma da nauyinta, ya yi wa wani aiki a ɓoye, a zage shi a kansa, ya yi shiru ya ci gaba. Wannan hali na binne shi shekara goma sha biyu a ƙarƙashin dawar Ɗanlami, aka tono shi bai yi tsatsa ba.

Jiya da safe na je kabarinsa. Na yi masa sallama, na faɗi abin da ya kamata in faɗa tun a bakin shago. Daga can ban koma zaure ba, na wuce gidan Hajiya Gambo, na ce a ba ni faifai. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "Ka iya?" Na ce za a koya mini. Ta zuba mini cikin tafin hannu ɗaya, ta ce in na gama in kawo ta duba.

Allah Ya jiƙan Alhaji Sule, Ya yalwata kabarinsa, Ya sa kowane harafi da yatsunsa suka ɗauka ya zama nauyi a mizaninsa na alheri, Ya kuma sa ya yafe mini ranar da za mu haɗu. Kai kuma mai karatu, Allah Ya tsare ka daga munana zato ga wanda yake yi maka hidima ba ka sani ba, Ya sanya albarka a gidanka da gonarka da zuriyarka, Ya ba ka ikon neman gafarar mutanenka tun suna iya amsa maka. Amin.